Baka Mai Miji da Mata

Tun ranar da Sarki Dambo na Garun Kada ya ci Birnin Ƙirya da yaƙi, ya ɗora mata sharuɗɗa masu nauyi. Kowace kaka a kai masa gaisuwar gero da shanu, kada a sake ɗaga ganuwar gari, kuma kowane mai sarauta ya ba da babban ɗansa a tsare a Garun Kada, don kada uban ya yi ko mafarkin tawaye. Cikin 'ya'yan da aka kai har da Bagudu, ɗan Sarkin Baka Jatau, shi kaɗai kuwa Allah ya bar wa Jatau a duniya.

Wata safiya da damina ta yi nisa, Sarki Barmo na Ƙirya yana zaune da 'yan majalisarsa, sai ga Gambo jakada ya shigo, ko ƙafa bai wanke ba. Ya zube a gaban karaga ya yi gaisuwa, ya kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, yau bakina ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa."

Sarki ya ce, "Faɗi, Gambo, an ba ka aminci."

"Zaki, Sarki Dambo ya ji mun ɗaga ganuwar gabas. Ya rantse da kabarin ubansa, ranar da aka kai gaisuwar bana zai karɓe ta, sannan ya sa hauni ya sare kawunan 'ya'yanmu a dandalin ƙofar fada, a gaban waɗanda suka kai gaisuwar, su dawo gida da labari."

Manyan mutane masu manyan rawuna suka zauna baki buɗe, kowa na kallon ɗan uwansa. Jatau ya runtse ido. Sai ya ga fuskar Bagudu ranar da aka tafi da shi, yana waiwaye yana murmushi don kada uwarsa ta yi kuka.

Galadima Tanko, wanda bai taɓa ganin rigimar da ba za a iya kashe ta da ban haƙuri ba, shi ya fara samun bakin magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a rushe ganuwar nan yau, a ninka gaisuwa, a aika dattawa su durƙusa. Ƙasa muka tara, ƙasa kuma za mu mayar."

Gambo ya ce, "Galadima, na faɗi haka da bakina a gabansa. Ya ce ko mun share garin duka mun shuka gyaɗa, rantsuwarsa ta riga ta fita."

Madawaki Nomau ya zabura har takobinsa ya bugi ƙasa. "To me muke jira? A buga tambari, a fita!"

Sarki ya dube shi ya ce, "Madawaki, kafin dokinka na farko ya ga ganuwar Garun Kada, an gama da yaran. Wanda zai cece su sai yana tsaye a dandalin nan da makami a hannu. Ka kuwa san ƙofarsu. Ko wuƙar yankan farce ba ta wucewa, balle bakanmu da ya fi mai shi tsawo."

Jatau bai san lokacin da ya miƙe ba. Shi ba mai yawan magana ba ne a majalisa, har ana yi masa ba'a cewa bakan da ke rataye a kafaɗarsa ya fi bakinsa aiki. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni daga yau zuwa kaka. Zan sassaƙa bakan da mai gadin ƙofar Garun Kada zai riƙe a hannunsa, ya jujjuya, ya mayar wa mai shi, bai san abin da ya riƙe ba."

Galadima ya ce, "Da tsafi?"

"Da gizago, Galadima. Zan raba shi biyu, a haɗa shi a inda ake bukata."

Sarki ya ce, "An ba ka. Amma ku ji da kyau. Dambo yana da kunnuwa a garin nan, watakila har cikin zauren nan. Daga yau duk wanda ya ambaci kalmar baka a kan wannan sha'ani, ko a saƙo ko a hira, a bakin ransa."

Da aka tashi, makaɗi ya ɗaga gula zai buga tambarin sallama, bugu ɗaya fatar ta tsage. Galadima ya kama salati yana cewa wannan ba alamar alheri ba ce. Madawaki ya ce ai cikin Dambo ne ya fashe. Kowa ya ɗauki fassarar da ta dace da zuciyarsa ya tafi gida.

Jatau ya rufe ƙofar gidansa, ya shiga rumbun da ubansa ya bari cike da itacen dargaza, wanda ya shekara da shekaru yana bushewa a inuwa. Bai taɓa dogayen ba. Gajerun gumagumai ya zaɓa, masu miƙaƙƙen jiki marasa ƙulli, ya riƙa tsaga kowanne gida biyu, ɓari ɗaya ya zama hannun sama, ɗaya na ƙasa. Ya fere su da gizago, ya bi da wuƙa yana kankara, daga kauri a gindi zuwa siriri a kai.

Wahalar tana wajen mahaɗa. Ya fara gwada zoben ƙarfe daga maƙera, ya ga ko makaho ya shafa zai san ba sandar kiwo ba ce. Ya gwada ɗaurin ƙirgi, wato fatar shanu, da ya ja tsirkiya abin ya karye, ɓari ya tsage masa goshi. Matarsa Tasalla ta zo da ruwa tana wanke jinin tana cewa, "Maigida, ka bar wa yaron nan uban da zai dawo ya tarar." Ya ɗaure goshin ya koma kan aikinsa.

Daga baya ya dace da ƙahon bijimi. Ya yanke tsakiyar ƙahon, ya dafa shi har ya yi laushi, ya cusa gindin ɓari ɗaya a ciki da ƙaro mai zafi, ya naɗe da jijiya, ya bar rabin ƙahon a buɗe kamar bakin tulu. Gindin ɗaya ɓarin kuma ya fere shi daidai ramin, yana shafa masa gawayi yana sakawa yana zarewa, duk inda baƙi ya kama ya kankare, har ya zama in ya shiga ba ya ko motsi. Mai shiga shi maharba ke kira miji, mai ƙahon kuma mata. Haka suke faɗa a kan duk abin da ake sakawa cikin wani, tun kakanni, ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunani a kai.

Sannan ya rataye bakan a gwafa, ya ɗaura tsirkiya, ya ja kaɗan ya koma baya ya duba. In hannun sama ya fi na ƙasa tauri, ya kankare shi. In na ƙasa ne, haka. Ya yi ta yi har su biyun suka riƙa lanƙwasawa tare kamar hannuwan mutum ɗaya. Nan ne asirin aikin yake, kuma nan ne haɗarinsa. Kowane miji an kankare shi ne a jikin matarsa, daga gungume ɗaya suka fito, ba zai zauna da wata ba. In an tilasta shi, ko ya ƙi shiga, ko ya yi lako-lako, ko kibiya ta tafi inda ta ga dama.

Ranar da ya harba na farko kibiya ta huda garkuwar fatar ɓauna ta fita ta baya, Jatau ya zauna a ƙasa ya yi kuka, shi kaɗai a bayan rumbu. Daga nan bai sake sanin hutu ba. Hannuwansa suka yi kanta suka fashe, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Kafin a gama yankan gero ya sassaƙa abin da zai ishi zaɓaɓɓun 'yan bakansa. Bai yi wa ko ɗaya alama ba, don tsaga tana raunana baka, kuma alama tana jawo idon mai gadi. Sai ya ɗaure kowane miji da matarsa da zaren kaba, ya shafe su da man kaɗe da toka, suka koma kamar tsofaffin sanduna.

Madawaki Nomau yana can wani ƙauye a bakin iyaka yana haɗa ayarin gaisuwa, ya mai da 'yan baka masu ɗaukar kaya, an cusa kibau cikin dammunan gero. Aka kai masa sandunan cikin kayan itacen girki. Jatau ya roƙi Sarki ya bar shi ya bi ayarin, Sarki ya hana. Ya ce, "A yaƙin da aka ci mu, kai ka kashe dokin Dambo a ƙarƙashinsa. Babu yaron da bai san fuskarka ba a Garun Kada. Ka zauna."

Sai Jatau ya kira Gambo jakada. Ya buɗe baki zai yi bayani, ya tuna dokar Sarki, ga kuma fadawa na kai da kawowa. Ya ce, "Gambo, ka gaishe da Madawaki. Ka ce masa in ji ni, komai wuya, kada a raba miji da matarsa."

Gambo ya maimaita kalma da kalma, don shi ba ya ƙari ba ya ragi, ya hau ya tafi. Jatau ya koma gida hankalinsa kwance, yana ganin ya faɗi magana a fili kamar rana.

Bayan kwanaki, da hantsi, ya fita zagaya unguwar maharba. Ya wuce gida na farko bai ji daka ba. Ya wuce na biyu, babu hayaƙi. Yara na zaune a ƙofar gidaje wajen kakanninsu. Ya dawo ya tambayi Tasalla ina matan unguwa suka shiga.

Ta ce, "Au, ba kai ka aika ba? Ai Madawaki ya turo aka kwashe su, kowace ta bi mijinta. An ce Sarkin Baka ya ce kada a raba su. Har addu'a suke yi maka, wai kai ne mai tausayi."

Jatau ya dafa bango. Ya ce, "Me kika ce?" Ta sake faɗa. Madawaki mutumin doki ne da mashi, bai taɓa zama a rumfar maharba ba, ina zai san wane miji ake nufi? Su kuwa 'yan bakan, harbi suka iya, ba su taɓa ganin irin wannan baka ba, kuma an hana kowa tambaya. Bai nemi izinin Sarki ba, bai ko sa takalmi ba. Ya kwance doki ya fita ta ƙofar gabas.

Ya yi ta sukuwa har dokin ya faɗi a wata fadama, ya bar shi nan ya ci gaba da ƙafa. Ya wuce rundunar Ƙirya da ke ɓoye a kurmi tana jiran a buɗe mata ƙofa, bai tsaya ba. Da ya hango ganuwar Garun Kada rana ta take tsaka, wutsiyar ayarin ce kawai ta rage a waje. Ya fizge damin gero daga kan wani, ya ɗora, zangarniya ta rufe masa fuska. Masu gadi suka lalube shi, ba su sami komai ba. A gabansa ya ga wani mai gadi ya karɓi sandar wani ɗan baka, ya jujjuya ta, ya mayar masa yana dariya. Abin da ya yi wa Sarki alkawari ya cika, amma ko daɗi bai ji ba.

Dandalin ya cika maƙil. Sarki Dambo yana zaune can sama a kan dakalin ƙofar fada, an yi masa laima, dogarai sun kewaye shi. A ƙasa, daidai ƙafafunsa, hauni na tsaye da takobi tsirara. Jatau ya kutsa har ya kai ga Madawaki, wanda ya yi shigar madugu.

Madawaki ya zaro ido. "Sarkin Baka! Me ya kawo ka?"

"Ina zaren kaba? Ina ɗaurin da na yi?"

"Na kwance. Sanda biyu a ɗaure ai abin tambaya ne. Na zube su wuri ɗaya, marasa ƙaho na ba maza su dogara, masu ƙaho na ba mata su sa cikin kayan girki kamar muciya. Saƙonka kuwa na cika shi, dubi, kowa ga matarsa a gefensa, ko ɗaya ban raba ba."

Yana faɗa yana murmushi, yana jiran a yaba masa. Jatau ya dube shi. Ya ce, "Madawaki, ba mutane nake nufi ba. Itacen nake nufi."

Murmushin ya ɗauke daga fuskar Madawaki a hankali. A daidai nan aka busa ƙaho, aka fito da 'ya'yan sarakunan Ƙirya a ɗaure da igiya ɗaya. Sankira ya yi shela, dandali ya yi shiru. Sarki Dambo ya ɗaga hannu ya ce, "Mutanen Ƙirya, na karɓi gaisuwarku. Yanzu ku karɓi tawa. A fara da ɗan wanda ya kashe mini doki."

Aka kwance Bagudu daga igiyar, aka jawo shi gaba, aka durƙusar da shi. Ya yi tsawo, ya tara gemu, amma tafiyarsa ba ta sake ba.

Madawaki ya yi ta maza ya kurma ihun da aka shirya. Mata suka zazzage kaya, maza suka fizgi masu ƙaho suka kama haɗawa. Abin da ya biyo baya ba shi da kyan gani. Wani yana dannawa da gwiwa abin ya ƙi shiga. Wani ya shiga ya zame ya faɗi. Wani ya samu ya ɗaura tsirkiya, yana ja ƙahon ya tsage, ɓari ya bugi na kusa da shi. Jarumawan da ba sa kuskuren tsuntsu a sama suka tsaya cirko-cirko da guntayen itace a hannu. Mutanen Garun Kada da farko ba su gane ba, har wasu suka fashe da dariya. Sai wani dogari ya ga kibiya ta leƙo daga damin gero, ya yi kururuwa.

Dambo ya miƙe tsaye ya daka wa hauni tsawa, "Sare shi!"

Jatau ya wawuri ɓari biyu da suka fi kusa da shi. Hannunsa kaɗai ya gaya masa ba gungume ɗaya ba ne. Mijin ya yi wa ƙahon kaɗan, ya yage bakin rigarsa ya naɗa, ya danna da dukkan ƙarfinsa, ya taka ya ɗaura tsirkiya, ya zaro kibiya daga damin gero. Da ya ja, ya ga hannun sama ya lanƙwashe, na ƙasa ya tsaya ƙiƙam. Ya san kibiyar ba za ta tafi daidai ba, amma bai san iyakar karkatar da za ta yi ba, kuma takobin hauni ya riga ya tashi sama. Ya saita ƙirjin hauni, ya yi ƙasa da saitin kaɗan, ya ambaci sunan Allah ya saki.

Bakan ya tarwatse a hannunsa. Kibiyar ta tashi, ta wuce saman kan hauni ko hularsa ba ta taɓa ba, ta haura dakali, ta nutse a maƙogwaron Sarki Dambo. Ya kama wuyansa da hannu biyu, ya tako gaba kamar mai neman wani abu, ya rikito daga dakalin, laima ta biyo shi.

Ba wanda ke kallon hauni a lokacin sai mutum ɗaya. Hauni kuwa bai ga abin da ya faru a bayansa ba. An ba shi umarni, ya cika.

Dandali ya kacame. Dogarai suka ruga kan Sarkinsu, wasu suka jefar da makamai suka ranta a na kare. Mutanen Ƙirya suka ga haka, ƙarfinsu ya dawo, suka bi su da guntayen bakuna suna maka musu a ka suna ƙwace takubba. Matan nan da aka kawo bisa kuskure su suka danne masu gadin ƙofa, suka zare sakata. Rundunar da ke kurmi ta kwararo ciki. Kafin la'asar an yanke igiyar sauran 'ya'yan sarakuna, an kama Galadiman Garun Kada, tutar Ƙirya tana kan soron fada.

Jatau bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya ratsa taron, ana bangazarsa yana tafiya, jini na ɗiga daga tafin hannunsa, har ya kai gindin dakali. Ya cire rigarsa ya rufe ɗansa, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

A nan suka same shi. Maroƙi na gaba yana kirari, "Jatau na Tasalla, harbi ɗaya gari ɗaya! Mai kayar da giwa daga kan dakali!" Mata na guɗa, 'yan baka na ɗaga hannu. Madawaki ya zo da gudu zai rungume shi, yana cewa, "Sarkin Baka, yau ka fanshe mu duka! Wa ya taɓa ganin saiti irin wannan?" Sai idonsa ya faɗa kan rigar da ke shimfiɗe, da ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashinta. Ya tsaya cik. Kirari ya mutu a bakin maroƙi, guɗa ta yanke.

Jatau ya ɗago kai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kamar bai taɓa ganinsu ba.

Ya ce, "Ba Dambo na saita ba."